Barcin Auta

Litinin, da hantsi

Na sake makara. Ƙararrawar waya ta yi ta kuka har ta gaji ta haƙura. Uwargidana Malama ta ce kafin ta tafi makaranta ta girgiza ni, na buɗe ido na ce mata "ga ni nan", har da gyaran murya irin ta mutumin da ya daɗe da tashi. Ban san an yi haka ba. Asuba kuma sai da rana ta shigo ta taga na yi ta, ina satar kallon bango kamar zai kai ƙarata.

Da na isa ɗakin karatu na tarar da tsofaffin nan uku masu zuwa karanta jarida sun jeru a kan matakala, kowa da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Makulli a hannuna yake, in ban zo ba gari ba ya karatu. Alƙali, wanda ya yi ritaya tun ina da gashi a tsakiyar kai, ya ɗaga agogonsa ya duba, ya sake dubawa.

"Malam mai makulli, an ɗage zama ne ba a aiko mana da sanarwa ba?"

Na ce a yi mini afuwa, ranka ya daɗe. Ya ce afuwa sai an ji hujja. Ban ba shi ba.

Bari in rubuta ta a nan, in ga yadda take a kan takarda. Ƙodojin Yaya sun ajiye aiki. Shekara biyu ke nan ana jona shi da inji ana wanke masa jini. An gwada duk wanda za a iya gwadawa a gidanmu, ana neman mai ba shi ƙoda ɗaya. Babbar yayarmu, wadda ni ma na bi yara ina kiranta Gwaggo, tana da hawan jini. Babban ɗan Yaya bai dace ba, ƙananan ba su kai ba. Ni ne na dace. Ni, Auta, da ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba tun daga firamare.

Ranar da sakamako ya fito an yi kuka, an yi hamdala, Gwaggo ta rungume ni har tabarauna ya karkace. Daga nan aka shiga maganar rana da asibiti. Ban tuna an tambaye ni wani abu ba. Wataƙila an tambaya lokacin ina gyara tabarau.

Saura cikas ɗaya, tumbina. Likita ta ce ba za su taɓa ni ba sai ya sauka. Shi ne aka raba ni gida uku kamar gado. Karin kumallo na Malama, abincin rana na matar Yaya tunda gidansu na kusa da wurin aikina, na dare kuma Gwaggo ke ba da umarninsa ta waya. Tumbi yana sauka, an gode Allah. Ni ma ina bin sa a baya.

Talata, bayan azahar

Matar Yaya ta kawo kular abinci da kanta kamar kullum, ta zauna a kujerar masu aron littafi, ba za ta tashi ba sai ta ga na cinye. Kabeji ne da aka dafa aka zubar da ruwan, aka sake dafawa aka sake zubarwa, don kada wani abu mai amfani ya tsira. Shinkafa ɗan tsakure a gefe. Gishiri ko ƙwaya. Sai ta fito da wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba da komai ba, ta cika shi da ruwa.

"Ungo, mijina. Kada ka wuce wannan."

Na ce, "Matata, ni fa ƙodata lafiyarta ƙalau. Ita ce ma ake zawarci."

"Ai shi ya sa. Tunda gidanmu za ta tare, gara ta saba da girkin gidan tun yanzu. Kada ta zo tana yi mana yanga."

Na yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta juya tana duba kantar littattafan tarihi, ita da ba ta taɓa aron ko ɗaya ba. Shekara biyu tana dafa wannan abincin, tana auna wa mijinta ruwa, tana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Hannunta ya manta da gishiri. Wa zai buɗe baki ya ce mata a ƙara? Na cinye na ce ya yi daɗi.

Bayan tafiyarta na ɗora kai a kan tebur in ɗan huta. Alƙali ne ya tashe ni da la'asar. Ya ce wata ɗaliba ta zo mayar da littafi, ya karɓa a madadina, ya kuma yanke mata hukuncin ta daina naɗe kunnen shafi.

Laraba, da hantsi

Na makara.

Alhamis, bayan magariba

Gwaggo ta kira a kan lokacinta.

"Auta, me ke gabanka?"

"Kokwamba, Gwaggo."

"Da me?"

"Da faranti."

Ba ta yi dariya ba. Aƙidarta ita ce duk abin da ya shiga ciki bayan faɗuwar rana kitse yake zama kafin gari ya waye. Ta ji haka ne daga bakin wata mata a waya, wadda ta nuna hotonta na da da na yanzu. Saboda haka da dare kokwamba ce da ruwan ɗumi da lemun tsami, rabin kofi.

Na yi kuskuren ce mata ina yawan jin gajiya.

"Gajiya? Wace gajiya? Kai da aikinka zama ne kana gadin takardu? Je ka ga ɗan'uwanka in an cire shi daga inji, sannan ka dawo ka yi mini bayanin gajiya."

Duk maganar da na fara a 'yan kwanakin nan, a jikin wannan bangon take ƙarewa.

Malama tana jin mu daga teburin cin abinci, tana gyaran takardun ɗalibanta, Nana 'yarmu a gefenta tana aikin gida. Tun da sakamakon nan ya fito maganarta ta ragu. Lissafi take koyarwa, ba ta son faɗin amsa kafin ta gama aiki a kanta. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi farantin, ta koma kan jan birinta.

Asabar, da rana

Ba kowa a ɗakin karatu sai fanka da ni. Na sauko da duk abin da muke da shi a kan abinci da jiki, na jera a kan tebur kamar mai shirin jarrabawa.

Na farko ya ce abinci yana da ƙarfi da ake aunawa da kalori, kamar yadda ake auna mai. In aka ba jiki ƙasa da abin da yake buƙata, ba ya gardama, sai ya shiga kashe fitilun ɗakunan da ba kowa a ciki, ya rage gudu, ya sa mai shi ya kwanta. Na biyu ya ce cika ciki ma yana kawo barci. Wato in ka ci ka kwanta, in ba ka ci ba ka kwanta. Na ji daɗin ganin malamai sun bar wa kansu ƙofa ta gaba da ta baya. Na uku ya ɗora laifin a kan ƙarancin jini da ƙarancin ruwa. Na huɗu ya ce wani barcin daga zuciya yake, in mutum ba ya son haɗuwa da safiya. Wannan na mayar da shi kanta. Ba a kan abinci yake ba, an yi kuskuren jera shi ne.

Ni dai abin da na sani, barcin nan ba irin na da ba ne. Na da yana da daɗi, mutum ya juya, ya ja bargo, ya yi mafarkin banza. Wannan kamar rijiya yake. Ina faɗawa, ba na jin komai, in an jawo ni kuma jikina ya fi nauyi fiye da lokacin da na shiga. Ƙafafuna sanyi ƙalau da tsakar rana. Layi ɗaya sai in karanta shi in sake, in rasa inda ya dosa. Tsanin da nake hawa in mayar da littattafan sama ya ƙara tsawo ba tare da an gaya mini ba.

Lahadi, da yamma

Na kwanta bayan karin kumallo. Yanzu na tashi. Ban san abin da aka yi a duniya ba, ita ma ba ta neme ni ba.

Talata, bayan la'asar

Yau ne za a ɗauki hoton cikina, da safe. Malama tana da gadin jarrabawa, dole ta fita da wuri. Ta tashe ni, ta ga na zauna a bakin gado, ta ga na sa safa ɗaya, sannan ta tafi. Na farka rana ta take tsaka, safa ɗaya a ƙafa, ɗayar a hannu, waya cike da kiran da ban ɗauka ba. Matar Yaya tun safe tana tsaye a ƙofar asibiti tana jirana. An ba wani layina. Sabuwar rana sai nan gaba.

Gwaggo ba ta kira ba, zuwa ta yi da ƙafarta. Ta zauna a kujerata, wadda ko baƙo ya san ba a zama a kai.

"Auta, dube ni. Barci ne, ko kuwa?"

"Ko kuwa me, Gwaggo?"

"Kai ka sani. In akwai wata magana a ranka, faɗe ta yanzu a gaban matarka, ni in je in gaya wa ɗan'uwanka da bakina."

Malama tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu. Na ce babu wata magana. Gwaggo ta ce to alhamdu lillahi, daga gobe ita za ta riƙa tashina da kanta tun asuba.

Matar Yaya ta koma gida. Da yamma ta turo saƙo: "Allah ya ƙara lafiya, mijina." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta maimaita wa kaina tambayar Gwaggo. Na rantse ban ji wayar ba. Amma ban san wanda yake gadin ƙofa in na yi barci ba, balle in san umarnin wa yake bi.

Laraba, da hantsi

Gwaggo ta kira. Na ɗauka, na gaishe ta, na tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, na koma barci da waya a kunne.

Juma'a, da yamma

Na je wurin Yaya. Ɗaki ne dogo, kujeru a jere, kowace da injinta a gefe, kowane mutum da bututu biyu jajaye a hannu. Talabijin a sama ba murya. Yaya tsohon direban motar kashe gobara ne, muryarsa ce kawai ciwon bai rage ba.

"A'a! Jama'a, ga sarkin barci ya iso! An ce ka sa safa ɗaya ka leƙa lahira ka dawo."

Duk layin ya yi dariya, har da wani da na ɗauka ba ya numfashi. Na zauna a ɗan bencin da ke gefensa. Muka yi hirar ƙwallo, da rufin gidansa da ke yoyo, da wani abokin aikinsa da ya ƙara ƙiba har rigar aiki ta ƙi shi. Maganar da ta kawo ni ba mu yi ta ba. Bai taɓa yin ta ba, ko sau ɗaya. Bai roƙa ba, bai gode ba, bai ce a bari ba.

Can ya rage murya ya ce, "Je ka waje ka sayo ruwa mai sanyi. Babbar gora."

Na ce ai an hana shi.

"Wa ya ce ni zan sha? Kai za ka sha, a nan."

Na sayo. Ya ce in sha a hankali, yana son ya ji saukarsa. Na kafa kai, na karya dokar matarsa a gaban shaidu. Ya lumshe ido yana sauraron maƙogwarona.

"Da sanyi?"

"Da sanyi, Yaya."

"Har haƙori?"

"Har haƙori."

Ya yi ajiyar zuciya kamar shi ya sha. Sannan ya laluba wayarsa da hannun da ba bututu, ya nuna mini hoton wani ƙaton kofin ƙarfe mai hannu da ya gani a shago. Ya ce ya gaya wa mai shagon ya ajiye masa, ba yanzu ba. Bai ce yaushe ba. Na ce yana da kyau.

Da zan tafi ya kama tsintsiyar hannuna ya juya ta. "Agogonka yawo yake a hannu, Auta."

Na ce, "Kai ma naka."

Muka bar ta a nan. A hanya na ji kaina ya ɗan washe, na ce ko ruwan ne. Ban gama tunanin ba barci ya kwashe ni a cikin bas, na wuce unguwarmu, sai da yaron mota ya taɓa ni a ƙarshen hanya.

Asabar

Kabeji. Kokwamba. Na makara.

Litinin, bayan magariba

Na hau tsani da hantsi zan mayar da wani ƙaton kundi. Na tuna na ɗaga hannu. Abu na gaba da na gani rufin ɗaki ne, da fuskoki uku a kaina, da jaridar yau ana yi mini fifita da ita. Alƙali ya ɓare alewa ya cusa mini a baki.

Na ce an hana ni.

"Kotu ta ba da umarni. Tsotsa."

Shi ya tsayar da tasi, shi ya kira Malama a makaranta.

Likitar da ke kula da ni mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda in sun yi shiru mutum yake fara tono laifinsa. Ta auna abin da za ta auna, ta ja fatar bayan hannuna ta saki tana kallo, sannan ta ce in faɗa mata abin da na ci jiya tun daga safe. Na faɗa. Ta jira.

"Sai kuma?"

"Shi ke nan."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka."

Ta juya ga Malama. Malama ta ce shayi ba sukari take ba ni da yankan burodi ɗaya, tunda babban abincina na rana ne. Aka kira matar Yaya, aka sa kowa ya ji. Ta ce ita ɗan taɓawa take kawo mini, tunda da dare zan ci na gidana. Aka kira Gwaggo. Ta ce mutumin da ya ci na safe ya ci na rana, me zai yi da na dare? Ashe kowace ta ɗauka abincin gaske yana gidan ɗayar. Likita ta dafe goshi.

"Na ce a rage, ban ce a ƙarasa shi ba. Abincin mai ciwo daban, na mai bayarwa daban. Ruwa kuwa ya sha har ya ƙoshi. Da wannan cin, ba barci ba, in ya kasa tashi gaba ɗaya ma ba zan yi mamaki ba." Sai ta dube ni. "Kai kuma malam, bakinka ciwo yake yi?"

Na ce ban so in ɓata wa kowa rai ba. Sannan ta rubuta magani ta ba Malama, ta ce ta je ta karɓo, layin yana da tsawo.

Da ƙofa ta rufe ta ajiye biro.

"Yayanka yana da nasa likitan. Ni kai ne aikina. Ka je ka ci abinci, a sake gwaji, a ɗauki hoton da ka yi barci a kansa. In komai ya yi daidai, Talatar ƙarshen wata da ƙarfe takwas zan jira ka a nan, ka sa hannu. Wannan ranar tsakanina da kai ce, danginka ba su san da ita ba. In ba ka zo ba, abin da za su ji shi ne bai dace ba. Ba na faɗin dalili, ba kuma a tambayata."

Na ce, akwai waɗanda ba su zo ba?

"Akwai. Ban ga laifinsu ba. Yanka ne, malam, ba aski ba. Yawanci ana warkewa lafiya, amma ba zan ce maka babu haɗari ba."

Na ce mata ni fa ban ce komai ba.

Ta ce ta lura.

Laraba, bayan azahar

Matar Yaya ta zo da kifi da wake da shinkafa mai auki, da gorar ruwa kamar ta masu tafiya nesa. Ta ce sai da ta aro gishiri a maƙwabta. Ba ta kira ni mijina ba yau. Ta tsaya a bakin tebur tana murza yatsu.

"Ka yafe ni, Auta. Na so in gyara ne."

Na ce, "Matata, in kika yi kuka a nan Alƙali zai ci ki tarar hayaniya." Ta yi dariya da hawaye. Na ci gishiri kamar na haɗu da abokin ƙuruciya a tasha.

Gwaggo ta daina kira. Ta aiko a ce mini likitocin yanzu yara ne.

Asabar, da safe

Na riga tsofaffi zuwa. Na buɗe tagogi, na share, na jera jaridu. Alƙali ya shigo ya duba agogo, ya rasa abin faɗa, ya zauna ransa a ɓace.

Lahadi, da asuba

Na tashi da kaina.

Talata, da asuba

Na tashi. Ashe abincin ne. Na so a ce akwai wani babban al'amari a bayansa, irin wanda ake rubuta wa littafi, sai ga shi ƙwai ne da gishiri da ruwa. Ƙafafuna sun yi ɗumi, tsani ya koma tsawonsa, jiya na karanta babi guda ban ɗaga kai ba.

Abin da malaman ba su rubuta ba shi ne, mutumin da ya ƙoshi yana da ƙarfin jin tsoro. Da ina barci ba na tunanin komai. Yanzu safiya tana da tsawo, kaina a buɗe kamar shago, kowane tunani shigowa yake ya zauna. Ƙodar hagu likitoci suka ce sun fi so. Sai in tsinci hannuna a wurin, ban san lokacin da ya je ba.

Alhamis, da rana

An ɗauki hoto, an ɗebi jini. Mai hoton ya ce komai ya yi kyau, ya taya ni murna kamar an yi mini haihuwa.

Juma'a

Na kama hanyar zuwa wurin Yaya, na sauka a tasha biyu kafin asibiti, na dawo a ƙafa. Ƙarfi ya dawo, dole a yi amfani da shi.

Lahadi, bayan la'asar

Na gaya wa Malama. Ban yi niyya ba. Nana ta tafi gidan ƙawarta, gidan ya yi shiru, tana gyaran takardu, ni ina riƙe da jaridar da ba na karantawa. Na faɗa mata duka, yadda likita ta faɗa, har da maganar aski.

Ba ta ɗago ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas."

"Jibi."

"Jibi."

Ta ci gaba da aikinta. Na lura takarda ɗaya ce a gabanta har aka kira magariba. Ko yaron ya ci ko ya faɗi, an duba shi da kyau. Da ta tashi za ta shiga ciki ta tsaya a bayana ta ce, "Nana ba ta gama sakandare ba, Baban Nana." Ta wuce. Wannan ce amsarta, ta gama aiki a kanta.

Litinin, bayan isha

Na ci abincin dare sosai, har da ƙari. An ce cika ciki ma yana kawo barci. Ban saita ƙararrawa ba.

Talata, a kan bencin asibiti, takwas saura

Na yi asuba na koma gado, na juya wa ƙofa baya, na ja numfashi irin na mai barci. Na ƙware a kansa.

Ina jin Malama. Ta ja labule ta rufe ɗan hasken da ke shigowa. Ta ɗauke wayata daga gefen gado ta fita da ita. Ba ta kunna rediyo ba, ba ta soya komai ba. Na ji Nana ta fara magana a falo, na ji an ce mata shhh, Babanki yana hutawa. Aka rufe ƙofar waje a hankali bayan yarinyar. Shekara nawa muna tare, ban taɓa sanin gidan nan zai iya yin shiru haka ba.

Na jira barci. Na ba shi duk damar da yake buƙata. Makonni yana faɗo mini a kan tebur, a cikin bas, a kan tsani, yau da nake nemansa ya yi tafiya.

Ina so in rubuta cewa wani babban tunani ne ya tashe ni, ko na tuna wani alherin Yaya, ko na ji wata murya. Ba haka aka yi ba. Fitsari ne ya matse ni. Ƙodojin nan biyu suna ta aikinsu tun dare, ba ruwansu da shawarar da ake yi a kansu.

Da na fito daga banɗaki na tsaya a tsakiyar ɗaki. Ga gado, da ɗuminsa, da ramin da na bari. Ga wando a kan kujera. Na daɗe a tsaye. Na ɗauki wandon.

Na same ta a soro tana sanɗa, jakarta a kafaɗa, takalmanta a hannu don kada su yi ƙara. Ta juyo ta gan ni da riga da hula.

"Ai na ɗauka barci kake."

"Na gwada."

"Koma ka kwanta, Baban Nana. Ba wanda ya sani. Ni ban ga ka tashi ba."

Na ce, "Ni na gani."

Ta tsaya tana kallona. Sannan ta saki takalman suka faɗi ƙasa da ƙara, ta zura ƙafa, ta kira makaranta ta ce a ba wani ajinta.

Tana zaune a gefena yanzu, ta riƙe gefen rigata kamar zan ɓata a kasuwa. Tsoron yana nan, bai rage ko kaɗan ba, tare muka shigo.

Likita ta leƙo, ta gan ni, ta ce, "Ka tashi ke nan." Na ce da alama.

Bari in rufe wannan. Ana buƙatar hannuna a ciki.